Shin hargitsin lissafi zai iya kare sirrin ƙaramar na'ura mai aiki da batir?

Tambaya: Ina ƙera wata 'yar na'urar auna zafi da danshi, wadda za ta riƙa aika bayani ta iska. Da batirin CR2032, ƙaramin nan mai siffar kwabo, za ta yi aiki, kuma ina so ya kai shekara 5. Na ga rubuce-rubuce da dama suna cewa kulle saƙo da hargitsi, wanda aka gina a jikin cif, ya fi AES, sanannen tsarin kulle saƙo da aka fi amfani da shi, ƙarancin cin wuta, ya kuma fi shi wuyar fasawa. In bi wannan hanyar?

Amsa: Malam, kada ka kulle saƙonka da hargitsi. Idan kana so ya yi maka aiki, ajiye shi a wajen samar da lambobin bazata, ka bar wa AES ko Ascon, tsarin kulle saƙo da aka yi wa ƙananan na'urori, kulle saƙon. A wurin farko yana da amfani na gaske, a na biyu kuwa an shekara fiye da talatin ana gwada shi, kuma akasarin tsare-tsaren da masana fasa sirri suka zauna a kansu sun faɗi.

Abin da ake kira hargitsi a nan shi ne tsarin da ke bin ƙa'ida tsayayya, ba ƙuri'a a ciki, amma ƙanƙanin bambanci a mafari yakan girma har ya sauya komai. Edward Lorenz ya nuna haka a 1963 da lissafin yanayi. Misali mafi sauƙi shi ne ƙa'idar lojistik da Robert May ya yaɗa a 1976: sabon x shi ne r × x × (1 − x), inda x ke tsakanin 0 da 1. Daga r wajen 3.57 zuwa 4 ake samun hargitsin. Idan r ya kai 4, tazarar da ke tsakanin mafari biyu takan ninka sau biyu a kowane taki, bisa matsakaici. Ke nan bambancin kashi ɗaya cikin biliyan huɗu yakan cika fili bayan taki 32 ko makamancin haka. Wannan ya yi kama da abubuwa biyu da Claude Shannon ya bayyana a 1949 a matsayin hanyoyin ƙarfafa tsarin sirri, wato ruɗarwa da watsawa. Kamannin nan ne ke jan mutane. Hanyoyin gina shi a jikin na'ura biyu ne, kuma kowacce da irin ciwonta.

Ta farko ita ce da'irar analog, inda ƙarfin wutar da kansa ke hargitsewa. Leon Chua ya ƙirƙiro tasa a 1983 da kafasita biyu, koyil ɗaya, rezista ɗaya da wani sashe wanda ba ya bin layi miƙaƙƙe. A 1990 Louis Pecora da Thomas Carroll suka nuna cewa da'ira biyu masu hargitsi za su iya tafiya ƙafa da ƙafa idan ɗaya tana aika wa ɗaya sigina. A 1993 Kevin Cuomo da Alan Oppenheim suka yi amfani da wannan wajen ɓoye murya: a ɗora ƙaramin saƙo a kan babbar siginar hargitsi, mai karɓa ya sake haifar da hargitsin a tasa da'irar, ya debe, saƙo ya fito. Ba a daɗe ba, a 1994 Kevin Short ya nuna yadda za a tone saƙon ta hanyar hasashen motsin siginar, a 1995 kuma Pérez da Cerdeira suka tone shi ta hanyar zana ƙololuwar siginar ɗaya bayan ɗaya. Duk ba su buƙaci mabuɗin ba.

Matsalar tana cikin asalin dabarar. Mabuɗi a irin wannan da'ira shi ne ƙimar rezista da kafasita. Rezista mai kyau tana da kuskuren kashi 1 cikin 100, kafasita sau da yawa kashi 5 ko 10, kuma duka suna sauyawa da zafi. Don na'ura biyu su fahimci juna, dole daidaituwar ta jure wannan kuskuren. To amma in ta jure kuskuren masana'anta, ta jure kuskuren ɓarawo ma, domin mabuɗin da ya yi kusa da na gaskiya zai buɗe. Ka lissafa: idan kowace ƙima tana da matsayi wajen 100 da za a iya bambancewa, bit 7 ma bai cika ba. Ƙima biyar ba su wuce bit 33 ko 34 ba. Ba ma sai an gwada su duka ba, saboda kuskuren daidaituwa yana raguwa yayin da ake kusantar ƙimar gaskiya, sai mai hari ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa. A AES, mabuɗin da ya kuskure da bit ɗaya tak ba ya ba ka wata alamar cewa ka kusa. Ƙari a kan haka, rediyon na'urarka fakitin dijital yake aikawa, ba sigina mai gudana ba, kuma da'irar da dole ta zauna a kunne don kada daidaituwa ta ɓace ba ta dace da na'urar da ke barci kusan kullum ba.

Hanya ta biyu ita ce a rubuta ƙa'idar hargitsin da lambobi a cikin cif ko FPGA (cif ɗin da ake iya sake tsara da'irarsa), a fitar da jerin bit, a haɗa shi da saƙo ta hanyar XOR, wato duk inda jerin ke da 1 a juya bit ɗin saƙo, inda yake da 0 a bar shi. Yawancin rubuce-rubucen da ka gani wannan suke nufi, don haka zan tsaya a kanta sosai.

Hargitsi na gaskiya yana rayuwa ne a kan lambobin da ba su da iyakar tsawo. Rajista mai bit 32 kuwa matsayi biliyan 4.29 kawai take da shi, don haka dole wata rana jerin ya dawo inda ya taɓa bi, ya shiga zagaye. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne saurin faruwar hakan. Ba sai an ƙare matsayin duka ba. Ƙa'idar da ake yanke wa wutsiya a kowane taki tana yin hali irin na tsalle-tsallen bazata, kuma irin wannan yakan faɗa zagaye bayan taki wajen tushen murabba'in yawan matsayin. A bit 32, dubban gomomi ne, wajen 80,000 bisa matsakaici. A bit 16, 'yan ɗaruruwa ne. Wasu mafaran kuma sukan faɗa zagaye mai gajarta ƙwarai, kuma ba za ka san waɗanne ba ne sai ka gwada. Da zarar jerin ya maimaita kansa, wanda ya haɗa ɓangarori biyu na rufaffen saƙo da XOR zai ga jerin ya soke kansa, saƙonnin biyu sun rage a haɗe, kuma raba su ba wuya idan an san tsarin fakitin.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ƙa'idar tanti, da ƙa'idar ninka biyu a yar da abin da ya haura 1, ana son su saboda ba sa buƙatar injin ninkawa. Amma ninkawa da 2 a lissafin kwamfuta tura bit ne zuwa hagu. Kowane taki yana fitar da bit ɗaya ta sama, sifili ya shigo ta ƙasa. Bayan taki 32 ko kusa da haka rajistar ta zama sifili zalla, ta tsaya cak. Saƙonka daga nan a buɗe yake tafiya.

Sai raunanan mabuɗai. Ba kowane r tsakanin 3.57 da 4 ke ba da hargitsi ba. A wajen 3.83 akwai taga inda jerin ke juyawa tsakanin lambobi uku kacal, kuma irin waɗannan tagogin suna warwatse ko'ina a tsakanin. Ko a r = 4, mafarin 0.5 yana zuwa 1 sannan 0 ya zauna, 0.25 yana zuwa 0.75 ya maƙale. Duk wanda ya ce maka faɗin mabuɗinsa ya kai kaza domin ya ninka yawan r da yawan x, bai cire waɗannan ba.

Harin da ya fi kashe tsarin shi ne wannan. Mu ce kana fitar da 1 idan x ya haura 0.5, kana fitar da 0 idan bai kai ba. A r = 4 wannan jerin yana da kyau a ido, babu son kai tsakanin 0 da 1. Amma kowane bit da mai hari ya gani yana gaya masa a wane rabi mafarin yake. Na farko ya raba filin biyu, na biyu ya sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. Da bit 32 ko ɗan fiye na jerin, ya matse mafarinka zuwa 'yan lambobin da zai gwada cikin ƙiftawar ido. Samun waɗannan bit ɗin kuma ba wahala, tunda kan fakitin na'urar aunawa kusan kullum iri ɗaya ne. Saurin girman bambanci da ake yaba wa hargitsi idan ana tafiya gaba, shi ne ke zama saurin matsewa idan ana komawa baya.

Masu ƙira sun san waɗannan, shi ya sa suke faci: a riƙa taɓa ƙananan bit da LFSR, wata rajista mai fitar da jerin bit mai dogon zagaye, don tsawaita zagayen, a haɗa ƙa'ida biyu ko uku, a ɗauki bit na ƙasa maimakon na sama. Facin yana tsawaita zagayen da gaske. Sai dai daga nan tsaron ya dogara ne a kan facin, ba a kan ilimin hargitsi ba, kuma abin da ke hannunka sabon tsarin sirri ne wanda ba wanda ya taɓa gwada ƙarfinsa. Tarihin fannin ya isa gargaɗi. Tsarin tanti na Habutsu da abokan aikinsa na 1991, a shekarar Eli Biham ya fasa shi. Tsarin kulle hoto na Jiri Fridrich na 1998, wanda ɗaruruwan rubuce-rubuce suka ginu a kansa, an nuna harinsa a 2010 ta hanyar zaɓen abin da za a ba shi ya buɗe.

Za ka ga kusan kowane rubutu yana alfahari da cin gwajin SP 800-22 na NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka. Wannan gwajin ƙididdiga ne, yana duba ko jerin ya yi kama da bazata, ba ya duba ko mai wayo zai iya hasashensa. Mersenne Twister, sanannen injin fitar da lambobi masu kama da bazata, yana cin yawancin irin waɗannan gwaje-gwajen, amma wanda ya ga lambobi 624 daga cikinsa a jere zai iya faɗin duk na gaba. NIST da kanta ta bayyana a 2022 cewa za ta gyara takardar don a daina ɗaukarta ma'aunin tsaro.

Kuma XOR kaɗai ba ya hana a taɓa saƙo. Wanda ya juya bit ɗaya a iska ya juya shi a saƙon da za a buɗe, ko bai san mabuɗi ba. Idan ya san inda lambar zafi take a fakitin, zai iya sauya ta, CRC kuma, lambar gano kuskure da ke ƙarshen fakiti, ba zai cece ka ba domin ana iya gyara shi ya dace. A na'urar aunawa, sau da yawa hana jabu ya fi ɓoye sirri muhimmanci.

Yanzu batun wuta, wanda shi ne ainihin damuwarka. CR2032 yana da wajen 225 mAh. Shekara 5 awa 43,800 ce, ke nan kana da matsakaicin mikro'amfiya 5. Mu ɗauka rediyo yana jan miliamfiya 5 na tsawon milisakan 2 a kowane aike, cajin da ya tafi mikrokulom 10 ne. Mu ɗauka injin AES da kwakwalwar cif suna jan miliamfiya 3 na mikrosakan 50, wannan mikrokulom 0.15 ne, bai kai kashi 2 cikin 100 na aiken ba. Sa lambobin cif ɗinka ka auna da kanka, amma sakamakon ba zai yi nisa da wannan ba: rediyo da wutar da ke zuba lokacin barci su ne masu cinye batir. Kuma idan cif ɗinka na Bluetooth LE ne ko na Zigbee, kusan tabbas injin AES-128 yana ciki, domin ƙa'idojinsu sun ginu a kansa. LoRaWAN ma AES-128 yake amfani da shi. Ta fuskar faɗin silikon ma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Injin ninka bit 32 da bit 32 a taki ɗaya yana buƙatar ƙofar AND 1,024 da masu tarawa kusan dubu, wanda ya ninka PRESENT gaba ɗayansa, tsarin kulle saƙo na 2007 da aka gina da kwatankwacin ƙofa 1,570. An gina AES ma a kwatankwacin ƙofa 2,400.

Inda hargitsi ke da amfani na gaske shi ne samar da bazata. Ƙananan na'urori suna fama da wannan sosai: ba su da linzami, ba su da faifai, kuma kullum iri ɗaya suke farkawa. A 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta sun leƙa mabuɗan da ke intanet, suka tarar da dubban na'urori sun ƙirƙiri mabuɗan tsarin sirri na RSA masu tarayya a ɗaya daga lambobin sirrin da aka gina su da su, har ana iya fasa su, saboda sun yi mabuɗi tun ba su tara bazata ba. Da'irar hargitsi ta analog tana magance wannan ta hanya mai kyau. Kafasita mai pikofarad 1 a zafin ɗaki tana da tsakin wuta na wajen mikrovolt 64, wanda zafi ke haifarwa kuma ba mai iya hasashensa. Idan filin aikinka volt 1 ne, kuma kowane taki yana ninka bambanci sau biyu, bayan taki 14 wannan tsakin ya cika filin. Ka lura, bazatar daga tsakin take fitowa, hargitsin ƙara mata girma kawai yake yi. Shi ya sa irin wannan ba ya yiwuwa da ƙa'idar dijital zalla.

Ginin ba shi da yawa: kafasita masu makunni don ɗauka da riƙe ƙarfin wuta, amfilifaya mai ninkawa kusan sau biyu, mai kwatantawa da ke yanke 0 ko 1, sai makunnin da ke debe ko ƙara ma'aunin wuta gwargwadon abin da aka yanke. Wurin da ake faɗuwa shi ne ninkin. Idan ya haura 2 ko da kaɗan ne, ko mai kwatantawa ya karkace, siginar takan fita daga fili ta manne a jikin layin wuta, ba ta dawowa. Don haka ko ka sauko da ninkin zuwa wajen 1.9, ka yarda cewa mafi yawan abin da za ka samu bit 0.93 ne a kowane taki, ko ka yi amfani da matakin bit ɗaya da rabi irin na ADC mai bututu (da'irar mayar da sigina lambobi mataki-mataki), wanda ke da sarari don karkatar mai kwatantawa. Bayan an kunna da'irar, ka zubar da aƙalla taki 32 na farko, domin kowane farkawa daga kusan wuri ɗaya take tashi.

Sannan ka auna ɗanyen bit ɗin, kafin a tace shi. Dole ƙirar ta bar ƙofar fitar da shi, in ba haka ba tacewar za ta ɓoye maka mutuwar da'irar. NIST SP 800-90B na 2018 yana son samfur miliyan 1 a jere, da kuma kunnawa sau 1,000 ana ɗaukar samfur 1,000 a kowanne. Ka maimaita a mafi ƙarancin zafi da mafi yawansa da na'urar za ta gani, galibi −40 da 85 a ma'aunin Salshiyos, da batir cike a volt 3 da kuma lokacin da ya sauko volt 2, a kan cif da yawa ba ɗaya ba. Mafi munin sakamako shi ne lambarka. Mu ce ka samu rabin bit na bazata a kowane samfur. Don iri mai bit 256, tara ɗanyen bit 640, ka tace su da SHA-256 ko Ascon-Hash256, masu dunƙule su zuwa bit 256, ka shuka sakamakon a injin lambobi irin na SP 800-90A, sannan ka kashe da'irar. Aikin milisakan kaɗan ne, batir ba zai ji ba. Kada ka dogara da dabarar von Neumann ta zubar da 00 da 11 ita kaɗai, domin tana gyara son kai ne idan bit ɗin ba su da alaƙa da juna, na hargitsi kuwa suna da ita muddin ninkin bai cika 2 ba.

Gwajin lafiya guda biyu su riƙa gudana duk lokacin da da'irar ke aiki. Na farko yana ƙirga maimaituwa: da rabin bit a samfur, da yarda da ƙararrawar ƙarya sau ɗaya cikin wajen miliyan, samfur 41 iri ɗaya a jere na nufin da'irar ta mutu. Na biyu yana duba ko wata lamba ta yi yawa a tagar samfur 1,024. Idan ɗaya ya faɗi, manhaja ta ƙi yin mabuɗi, ta sake kunnawa, kada ta ci gaba da abin da ya samu. Haka kuma ka kashe rediyo lokacin tara bit, ka tace layin wutar da'irar. A 2009 Markettos da Moore na jami'ar Kambirij sun nuna cewa cusa wani mita ta layin wuta yana iya kame injin bazata mai zobba, bazatarsa ta kusa ƙarewa. Da'irar hargitsi ma tana ƙara wa siginar mai hari girma kamar yadda take ƙara wa tsakin zafi.

Ga kulle saƙon kansa: idan akwai injin AES a cif, yi amfani da AES-128 a tsarin CCM, da hatimin hana jabu na aƙalla bayit 8. Idan babu, ɗauki Ascon-AEAD128, wanda NIST ta zaɓa a Fabrairun 2023 bayan gasar shekaru, ta kuma fitar da ƙa'idarsa a 2025 a SP 800-232. Yana da ciki mai bit 320, mabuɗi da lambar amfani sau ɗaya kowanne bit 128. Lambar amfani sau ɗayan, wadda bai kamata a maimaita ta ba, ita ce inda ƙananan na'urori suka fi tuntuɓe, domin in batir ya fita ya dawo, ƙidaya takan koma sifili a ƙarƙashin mabuɗi ɗaya. Rubuta ta a filash a kowane aike kuma zai gajiyar da shi, tunda da yawa sharewa 10,000 kawai aka lamunce musu. Maganin shi ne ka rubuta iyakar lambobi 1,000 na gaba, ka yi amfani da su daga RAM, in wuta ta ɗauke ka tsallake zuwa iyakar. Kowace na'ura ta sami mabuɗinta daban, a rufe ƙofar gyaran cif kafin ta bar masana'anta, sabuwar manhaja kuma kada ta shiga sai da sa hannu. Muguwar manhajar Mirai da ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin gida a 2016 ba tsarin sirri ta fasa ba, kalmomin shiga na masana'anta wajen 60 ta riƙa gwadawa.

Idan na'urar za ta iya shiga hannun mai hari, akwai harin auna wutar da cif ke ja, wanda Paul Kocher da abokansa suka bayyana a 1999. Hargitsin dijital ba shi da wata kariya daga gare shi, injin ninkawarsa ma yana zubar da bayani sosai. Kariyar da aka sani ita ce raba kowace lambar sirri kashi-kashi da bit na bazata, Ascon kuma an tsara shi don hakan ya zo da sauƙi. Wannan rabon yana cin sabbin bit a kowane aiki, kuma injin da da'irar hargitsinka ta shuka ne zai riƙa ba da su.

In kuma wani mai sayarwa ya kawo maka cif mai kulle saƙo da hargitsi, ka nemi cikakken bayanin tsarin a rubuce da lissafin cikakkun lambobi, mafi gajeren zagayen da aka tabbatar ga kowane mabuɗi, abin da ke faruwa idan mai hari ya zaɓi saƙon da za a kulle, yadda ake hana jabu, da adadin ƙofofi da wutar kowane bit a gefen na Ascon a kan fasahar silikon iri ɗaya. Ka tambaye shi kuma su wane ne masanan waje da suka gwada fasa shi, da inda aka buga abin da suka gano.